Aikin da Ke Barin Sarari: Zaɓen Sana'a Tsakanin Albashi da Lokaci a Idu

A ƙasashen da dusar ƙanƙara ke rufe duwatsu, irin su Faransa da Suwizalan da Austiriya, akwai matasan da ke auna sana'ar da za su riƙe tsawon rayuwa da ma'auni guda, wato ko za ta bar musu sararin wasan zamiya, wanda shi ne sulalowa a kan ƙanƙara bisa wasu dogayen alluna biyu sirara da ake ɗaurawa a ƙafa. Wasan yana da lokacinsa, daga wajen Disamba zuwa Afrilu, yana kuma da wurinsa, saboda haka duk wanda aikinsa ke tsananta a waɗannan watanni, ko ya kai shi gari mai nisa da duwatsu, ya rabu da wasan ke nan komai kaurin albashinsa. Babu dusar ƙanƙara a Nijeriya, kuma Samuel Ikpefan, wanda ya wakilci ƙasar a wannan fanni a gasar Olamfik ta hunturu da aka yi a Beijin a 2022, haifaffen Faransa ne. Sai dai lissafin da waɗancan matasa ke yi ya shafi kowane mai neman aiki da ke da wani abin so wanda ba ya jira.

A ƙasar Hausa, abin da ya fi kusa da wancan wasa wajen tsada da cin lokaci shi ne hawan doki, musamman ƙwallon dawaki, inda mahaya huɗu ke karawa da huɗu a zagaye-zagaye na minti 7 kowanne. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne ya kafa wasan a masarautarsa a shekarun 1920, ɗansa Sarki Usman Nagogo, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1981, ya shahara a cikinsa ƙwarai, kuma har yau ana gasa a Katsina da Kano da Kaduna, inda ake takarar kofin Georgian, da kuma kulob ɗin Guards da ke Abuja. Gasa takan ci kwanaki a jere, doki kuwa yana buƙatar motsa jiki kusan kullum, ga harawa da dusa da kanwa da ladan mai kula da barga, don haka mai wannan sha'awa yana neman lokaci iri biyu: ɗan kaɗan a kowace rana, da kuma dunƙulalle sau da dama a shekara.

Wannan bambanci tsakanin lokacin da ke zuwa gutsure-gutsure da wanda ke zuwa a dunƙule shi ne abin da masu zaɓen sana'a suka fi sakaci da shi, domin tambayar da iyaye da matasa suka saba yi ita ce nawa ne albashin, ba a cika tambayar yadda aikin ke yanka mako da shekara ba. Idu, yankin da aka keɓe wa masana'antu a yammacin birnin Abuja, wuri ne da ake ganin waɗannan tsare-tsare kafaɗa da kafaɗa. A masana'antun da injinansu ba sa tsayawa ana aikin karɓa-karɓa ne, wato rukunin ma'aikata ya tashi wani ya karɓe shi, safe da yamma da dare, kuma irin wannan aiki kan ba mutum safiyar Talata a sake alhali ya ƙwace masa Asabar ɗin da ake gasa. Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ba ta wajabta wa mai kamfani fiye da hutun kwanakin aiki 6 da albashi ba bayan wata 12 ana aiki, kuma ko da yake kamfanoni da yawa suna ba da fiye da haka, abin ya dogara ne ga abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki, wadda ya kamata a karanta ta da natsuwa kafin a sa hannu.

A gefe guda kuma akwai aikin gwamnati, irin na cibiyar binciken harhaɗa magunguna ta ƙasa da aka fi sani da NIPRD, wadda ke nan Idu. Ma'aikacin gwamnati yana shiga ofis daga Litinin zuwa Juma'a, yana tashi da la'asar, manyan ma'aikata suna da hutun shekara na kimanin wata guda, kuma mutum ya san ranar ritayarsa tun daga farko, wato in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Lokaci ne tabbatacce da ake iya gina shiri a kansa, amma albashin da wuya ya ɗauki nauyin doki, kuma tsarin mulki ya hana ma'aikacin cikakken lokaci tafiyar da kasuwanci na kansa in ban da noma. Malamin makaranta ya fi kowa samun hutu a dunƙule, sai dai kalandar makaranta ce ke zaɓa masa ranakun. Ma'aikacin rijiyoyin mai da ke yin makonni a bakin aiki sannan ya yi makonni a gida ya haɗa kuɗi da dunƙulallen lokaci, amma iyalinsa ne ke da haƙƙin farko a kan waɗannan makonni, kuma wanda ya manta da haka zai biya a wani wurin da ya fi tsada.

Ɗan kasuwa mai zaman kansa shi ake yi wa kallon mai 'yanci, alhali a shekarun farko shagon ne ke mallakarsa, ba ya kuma samun sarari sai ya horar da yaran da zai iya bar wa makulli. Haka ma mai aikin kwamfuta daga gida, wanda zai iya ɗaukar aikinsa zuwa Kaduna ko Katsina, muddin akwai lantarki da intanet, amma sau da yawa agogon wata ƙasa yake bi.

Nisa ma yana cikin lissafin, kuma a nan Idu tana da wata fa'ida ta musamman, domin daga tasharta ne jirgin ƙasa ke tashi zuwa Rigasa a Kaduna, tafiyar kilomita 186 a layin da aka buɗe a Yulin 2016, abin da ya sa ma'aikacin Abuja zai iya ajiye dokinsa ko gonarsa ko iyalinsa a Kaduna ya riƙa zuwa ƙarshen mako. Harin da aka kai wa jirgin ranar 28 ga Maris 2022, wanda ya tsayar da zirga-zirga har zuwa Disamba na shekarar, ya nuna haɗarin jingina tsarin rayuwa a kan hanya ɗaya tak. Akwai kuma nisan kullum, wanda ba a rubuta shi a takardar aiki: mai zuwa Idu daga Karmo ko Gwagwa da mai zuwa daga Zuba ko Suleja suna iya tashi a ofis lokaci guda, amma na biyun cunkoson hanya ya riga ya cinye masa yammacin.

Wasu za su ce bai dace a gina zaɓen sana'a a kan wasa ba, kuma gaskiya ne cewa ciyar da iyali yana gaba da kowace sha'awa. Amma tsarin rayuwar Bahaushe na da can ya san wannan rabo, domin damina ta gona ce, bayan kaka kuma a shiga dambe da kokawa da farauta da fatauci da cin rani, kowanne da watanninsa. Aikin albashi ne ya shafe wannan iyaka ya mai da shekara ta zama bai ɗaya, kuma lissafin da mahayi ke yi shi ne wanda ya kamaci mai son ɗaukar karatu a zaure bayan magariba, da mai son halartar shuka da girbi a garinsu, da mai jinyar tsofaffin iyaye. Masu ɗage komai sai bayan ritaya kuwa suna iya samun karatu da noma suna jiransu, amma ƙwallon dawaki da zamiyar ƙanƙara wasanni ne na gwiwa da ƙugu da saurin warkewa bayan faɗuwa, kuma shekarun da jiki ke da waɗannan su ne dai shekarun da ake neman ƙarin girma a wurin aiki.