Asalin Kalmar Alfadari

A ƙasar Rano akwai gari mai suna Dawaki, kamar yadda a ke da Dawakin Kudu da Dawakin Tofa a wasu sassan ƙasar Kano. Cikin sarauta kuma ga Madawaki, ga Sarkin Dawaki. Doki ya shiga harshen Hausa ta kowace ƙofa: akwai goɗiya da ingarma da ƙuru, sa'an nan ga sunayen launi, irin su akawal da kili da danda. Jaki ma bai rasa nasa rabo ba, don akwai aura da duna da goho. Amma ɗan da su biyu su ka haifa suna guda tak gare shi, watau alfadari, mace alfadara, jam'i alfadarai. Ko bambanci ba a yi tsakanin wanda jaki ya haifa da goɗiya da wanda doki ya haifa da jaka. Ƙarancin sunan nan ya nuna dabbar ba ta yawaita a hannun Hausawa ba. Ba abin mamaki ba ne, gama mai goɗiya ya fi son ta haifa masa doki.

In an tambayi ɗalibai asalin kalmar, nan da nan su kan ce Larabci ce, domin sun ga al- a farkonta, kamar ta alƙalami da albasa da alkama. Sun kama hanya, amma da saura. Sunan dabbar nan a Larabci baghl ne, jam'insa bighal, wanda ya zo a aya ta 8 ta Suratun Nahli tare da dawaki da jakuna. To, mun san yadda haruffan kalmar nan su kan zama in sun shigo Hausa. Harafin gaini ya kan koma g, kamar a magariba da balaga da Bagadaza. Harafin ba ya kan zauna yadda ya ke, kamar a albarka. Da baghl ce Hausawa su ka ara, da abin da za mu ji a bakinsu shi ne albagali ko mai kama da shi. Haka kuwa ya faru a Sawahili, inda a ke cewa baghala. Babu wata ƙa'idar sauti da za ta mai da b, gh, l su koma f, d, r gaba ɗaya.

Akwai wani abin lura kuma. Malamanmu sun san baghl sarai, sun karanta ta a tafsiri, sun kuma san labarin Duldul, alfadarar da Muƙauƙis na Masar ya aiko wa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Duk da haka in sun zo fassara, alfadarai su ke cewa. Ke nan kalmar ta riga ta zauna a bakin mutane, har ta littafi ba ta iya ture ta ba.

A ganina inda ya kamata a duba shi ne tushen Larabci mai haruffa fa, dal, ra. Manyan ƙamusoshi, irin su Lisanul Arab na Ibn Manzur, wanda ya rasu a 1311, sun kawo fadara da ma'anar namijin dabba ya gaji ya daina barbara. Daga al-fadr zuwa alfadari kuwa hanyar a miƙe ta ke, don Hausa ba ta son baƙaƙe biyu su haɗu a ƙarshen kalma, sai ta raba su da wasali ta ƙara wani a baya. Haka al-amr ta zama al'amari, qabr ta zama kabari. Ma'anar ma ba ta yi nisa ba, ko da ya ke ba daidai ta ke ba: ingarman da ya daina barbara ƙarfinsa ne ya ƙare, shi kuwa alfadari da ƙarfinsa, zuriya ce ba ya bari. Dalilin wannan masana kimiyya sun bayyana shi. Doki yana da kuromosom 64, jaki 62, alfadari ya tashi da 63, adadin da ba ya rabuwa biyu daidai. Wannan ra'ayi ne na kawo don a auna shi, amma ya fi jingina kalmar ga baghl ƙarfi nesa.

Game da zaurance da habaici, Hausawa sun ɗora wa jaki kayan da wasu al'ummai su ka ɗora wa alfadari. Daƙiƙi jaki ne, wahala marar lada kuma aikin jaki. Larabawa su ne ke da karin maganar da a ka tambayi alfadari wane ne ubansa, ya ce doki kawunsa ne, a na yi wa mai ɓoye asalinsa ba'a. A Turancin Ingilishi sunansa mule, daga Latin mulus, da shi a ke misalta mai taurin kai. Injin kaɗin da Samuel Crompton ya ƙera a Ingila a 1779 an kira shi da sunan nan, domin haɗi ne na injin Hargreaves da na Arkwright. A zaurancen zamani kuma mule shi ne wanda a ka ba miyagun ƙwayoyi ya tsallaka iyaka da su, dabbar kaya ke nan wadda kayan ba nata ba. Mai fassara labari in ya ce an kama alfadari a filin jirgin sama, mai sauraro dabba zai zata, gara ya ce ɗan dakon ƙwaya.

Malaman da ke koyar da asalin kalmomi sai su lura da tarkon kamannin rubutu. Takalmin nan marar dunduniya da Turawa ke kira mule ba shi da dangantaka da dabbar, daga mulleus ya ke, wani jan takalmin manyan Rumawa. Mu ma muna da irinsa: jaka ta kuɗi, wadda a zamanin fam a ke nufin fam 100 da ita, wasalinta na farko gajere ne, na jaka matar jaki kuwa dogo, rubutun boko ne kawai ya haɗa su.