Alƙalin Sulhu a Amurka: Wa Ke Dafa wa Mai Ɗaura Aure?

A jihar Massachusetts ta ƙasar Amurka ana iya ɗaura aure da mutum uku kacal: ango, amarya, da wanda zai ɗaura. Doka ba ta nemi waliyyi ba, ba ta nemi shaidu ba. Haka abin yake a maƙwabciyarta Connecticut. Idan taro ya watse, abin da zai tsaya gaban hukuma ya ce wane mijin wance ne, takarda ce guda mai ɗauke da sa hannun mutum na ukun nan. Sau da yawa kuwa mutumin ba limami ba ne, ba fasto ba ne, ba kuma lauya ba. Wani tsohon ma'aikaci ne da ya yi ritaya, ko malamar makaranta, ko mai shago a cikin gari, wanda jiha ta ba muƙamin da ake taƙaitawa da haruffa biyu, JP. Mu kira shi alƙalin sulhu, ko da yake a waɗannan jihohi ya daɗe da daina zaman shari'a. Kada kuma a haɗa shi da JP ɗin da wasu Kiristoci a Najeriya kan liƙa a bayan sunansu idan sun dawo daga ziyarar Kudus. Wancan daban, wannan daban.

Muƙamin tsoho ne. Daga Ingila ya fito, inda dokar shekarar 1361, zamanin Sarki Edward na Uku, ta kafa shi don a samu dattawan gari masu tsare zaman lafiya a yankunansu. Ɗaurin aure bai cikin aikinsu a farko. A 1653, lokacin da Cromwell ke riƙe da ƙasar, majalisa ta ce ba aure sai a gaban alƙalin sulhu, amma dokar ba ta yi tsawon rai ba, kuma a Ingila ta yau jami'an rajista ne ke ɗaura auren hukuma. A ƙetaren teku ne, wato a Amurka, al'adar ta yi saiwa. Turawan da suka sauka a Plymouth sun ɗaura aurensu na farko a 1621, tsakanin Edward Winslow da Susanna White, kuma mai mulkin gari ne ya ɗaura, ba malamin coci ba, kamar yadda suka gani ana yi a Holan. Hujjarsu ita ce, tunda gado da nasaba suna rataye ne a kan aure, to hukuma ce ya kamata ta riƙe shaidarsa. Shekaru ɗari huɗu ke nan, hujjar nan ba ta tsufa ba.

Kowace jiha da yadda take naɗa nata. A Massachusetts gwamna ne ke naɗawa da amincewar majalisar mashawartansa, na tsawon shekara 7. A New Hampshire ma gwamna ne, amma shekara 5. A Vermont jama'ar gari ne ke zaɓensu duk bayan shekara 2, kuma bayan ɗaurin aure suna taimakawa wajen gudanar da zaɓe da sauraron ƙorafin masu biyan harajin gida. A Connecticut jam'iyyun siyasa ne ke fitar da mafi yawansu, a ware wani kaso ga waɗanda ba su da jam'iyya, wa'adinsu shekara 4.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ke biyo bayan naɗin. A yawancin waɗannan jihohi na arewa maso gabas, mutum zai yi rantsuwa, a nuna masa ɗan littafin jagora da ofishin sakataren jiha ya wallafa, shi ke nan. Ba jarrabawa, ba makarantar da dole ya shiga, ba wani babba a kansa da zai ce masa ga yadda ake yi. Ranar da zai ɗaura aurensa na farko, shi kaɗai ne a tsaye gaban mutum ɗari ko fiye, iyaye sun zuba masa ido, masu hoto sun saita na'urori, kuma duk kuskuren da ya yi ba a maimaita ranar.

Kuskuren da ido ke gani ma da sauƙi. A kira sunan amarya ba daidai ba, ko a manta da zobe, abin kunya ne na wuni ɗaya. Wanda ya fi ciwo shi ne na takarda, don shi ba a ganinsa sai an kwana biyu. Lasisin aure yana da ranar mutuwa: kwana 60 a Massachusetts da Vermont, kwana 65 a Connecticut, kwana 90 a New Hampshire. A Massachusetts sai an jira kwana 3 bayan an shigar da buƙata kafin a ba da shi. Lasisin wata jiha ba ya aiki a wata, kuma ikon alƙalin sulhu kan tsaya ne a iyakar jiharsa, sai fa inda doka ta tanadi izini na musamman. A yankin da tafiyar sa'a guda a mota kan ƙetara da kai iyaka biyu, wannan ba ƙaramin tarko ba ne. Bayan biki kuma dole ne mai ɗaurin ya cike takardar da hannunsa ya mayar wa magatakardan garin da ya bayar da ita cikin wa'adi: kwana 10 a Vermont, a Massachusetts kuwa kafin goma ga wata mai zuwa ta wuce. Idan ya bar ta a aljihun kwat ko a cikin mota, ba lallai auren ya ɓaci a idon doka ba, amma ba shi a rajista. Ma'auratan ba za su sani ba sai ranar da matar ta je a sa ta cikin inshorar lafiyar mijinta, ko mijin ya je neman takardar zama, ko kuma, Allah ya kiyaye, ɗayansu ya rasu aka zo rabon gado. A ranar ne za a ce su kawo shaidar aure, su je ofishin gari a duba a ce babu.

Akwai kuma wanda ya wuce kuskure ya zama zalunci. A 2009, wani alƙalin sulhu a jihar Louisiana mai suna Keith Bardwell ya ƙi ɗaura auren wani baƙar fata da wata farar fata, yana cewa wai tausayin 'ya'yan da za su haifa yake yi. Wannan fa shekara 42 ke nan bayan Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Loving da jihar Virginia ta 1967, ta soke duk wata doka da ke hana irin wannan aure. Da kansa ya faɗa cewa ba wannan ne karon farko ba. Sai da ƙasa ta ɗauka, har gwamnan jihar ya sa baki, sannan ya ajiye muƙamin. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekarun da ya yi yana mayar da mutane baya ba wanda ya taka masa burki. Mutumin da ke aiki shi kaɗai, ba abokin sana'a da zai ce masa kai, wannan ba daidai ba ne, ra'ayinsa kan zame masa doka.

Texas ta bi wata hanya. A can alƙalin sulhu alƙali ne na gaske, zaɓaɓɓe na shekara 4, yana sauraron ƙananan ƙararraki da rigimar mai gida da ɗan haya, kuma a ƙananan hukumomin da ba su da likitan binciken gawa, shi ake tasowa da tsakar dare ya je ya tabbatar da dalilin mutuwa. Mutumin da ya kwana a wurin haɗarin mota shi ne zai ɗaura aure da hantsi. Ba a sharɗanta masa karatun lauya ba, amma doka ta wajabta masa horo na sa'a 80 a shekararsa ta farko, da sa'a 20 kowace shekara bayan haka, kuma akwai cibiyar horo ta musamman a ƙarƙashin Jami'ar Jihar Texas da ke San Marcos. Ban ce a kwashe tsarin Texas gaba ɗaya a kai Vermont ba, tunda aikin ba ɗaya ba ne. Amma jihar da ta ba mutum ikon ƙulla abin da gado da nasaba suka rataya a kai, ai ko wuni biyu ne ya kamata ta zaunar da shi ta koya masa.

Inda hukuma ta bar giɓi, masu aikin ne da kansu suka tashi cike shi. Massachusetts tana da ƙungiyar alƙalan sulhu ta jiha. Akwai kuma wadda ake kira JPus, da ta taso daga Connecticut a 2001 ta bazu zuwa maƙwabtan jihohi. Aikinsu ba mai ƙyalƙyali ba ne. Suna shirya taruka inda sabon shiga zai zauna kusa da wadda ta ɗaura aure ɗari biyar ya yi tambayar da yake jin kunyar yi a wani wuri. Suna da ƙa'idojin ɗa'a da mamba ke amincewa da su. Suna ajiye kundin sunayen mambobi don masu neman wanda zai ɗaura musu su san inda za su dosa. Suna bibiyar majalisun jihohi, don doka ba ta zama wuri ɗaya: Massachusetts ta daina neman gwajin jini kafin aure a 2005, ta kuma mayar da mafi ƙarancin shekarun aure 18 a 2022, Connecticut da Vermont suka bi sahu a 2023. Wanda aka naɗa shekara ashirin da suka wuce, idan ba wani ya sanar da shi ba, da tsohon ilimi zai ci gaba da aiki.

Amfanin da ya fi burge ni shi ne mafi sauƙi a cikinsu. Ranar Asabar ce, biki ƙarfe huɗu, mai ɗaurin aure ya wayi gari da zazzaɓi ko motarsa ta mutu a hanya. Idan yana da abokan sana'a, waya ɗaya zai buga wani ya sa riga ya tafi a madadinsa, ya tura masa abin da aka shirya faɗa. Idan ba shi da kowa, gidaje biyu ne za su tsaya cirko-cirko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyin da suke kawo wa juna kuma ba a littafin jagora suke ba. Ango ya zo a buge, shin amincewarsa ta inganta? Amarya ba ta jin Turanci, kuma ɗan'uwan angon ne ke yi mata tafinta, ta yaya za a tabbatar ta san abin da take amsawa? An kira ka asibiti, mutum yana gargarar mutuwa yana son a ɗaura kafin ya cika, lasisi kuma bai fito ba, ina za a nemi sassaucin kwanakin jira? Ma'aurata sun zo ba wanda ya san sunan mahaifiyar ɗayan, alamu na nuna auren neman takarda ne, wanda dokar tarayya ta tanadar wa ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai dala 250,000. Alƙalin sulhu ba ɗan sanda ba ne, kuma zargin mutane don launin fatarsu ko harshensu zalunci ne, to ina iyakar? Irin wannan ba a koyonsa sai daga bakin wanda ya taɓa tsayawa a wurin.

Ga kuma matsin aljihu. A Massachusetts doka ta ƙayyade ladan ɗaurin: dala 100 a garinsa, dala 150 a wani gari na jihar, sai abin da aka yi yarjejeniya a kai na ƙarin hidima kamar gwajin biki. Wannan a bikin da furanni kaɗai kan ninka kuɗin sau da yawa. A gefe guda kuma ƙofa a buɗe take ga kowa. Massachusetts tana ba aboki ko ɗan'uwa izinin ɗaura aure na wuni ɗaya, Vermont ma haka. Wani coci mai suna Universal Life Church, da aka kafa a California a 1962, yana naɗa mutum malamin addini ta intanet cikin 'yan mintuna. Ban ga laifin wanda ke son yayarsa ko amininsa ya ɗaura masa aure ba, akwai daɗi a ciki. Sai dai aminin nan bai taɓa ganin lasisin aure ba sai ranar, kuma magatakardan gari ne zai sha wahalar bin sa ya dawo da takarda ko ya gyara abin da ya cike ba daidai ba. Wasu alƙalan sulhu sun samo mafita mai kyau: aminin ya jagoranci taron, su kuma su tsaya a gefe su karɓi amincewar ma'aurata su sa hannu.

Magatakardan gari shi ne abokin tafiya na farko, kuma garin da ke son taimaka wa alƙalan sulhunsa daga nan zai fara. Ya tara su ko sau ɗaya a shekara, ya nuna musu kurakuran da suka fi yawa a takardun da ke dawowa, ya sanar da su abin da ya sauya. Ba kuɗi yake ci ba, ɗaki ne da shayi.

Maganar ta shafe mu kai tsaye ta wajen 'yan'uwanmu da ke zaune a can, daga Bronx ta New York zuwa garuruwan Massachusetts. Yawancinsu a masallaci suke ɗaura aure, da waliyyi da sadaki da shaidu, yadda addini ya tanada, kuma dokar jihohin ta yarda limami ya sa hannu a lasisi idan ya cika sharuɗɗan jihar. Matsalar ita ce wasu kan tsaya a fatiha, ba a karɓo lasisin ba sam, mace ta shekara goma a ɗakinta hukuma ba ta san da aurenta ba. Duk mai shirin aure a can ya je ofishin magatakarda tun da wuri, ya tambayi limaminsa kai tsaye: Malam, za ka iya sa hannu a takardar hukuma? In ya ce a'a, sai a nemi alƙalin sulhu, a tambaye shi ko wa'adinsa bai ƙare ba, da kuma wanda zai tsaya masa idan uzuri ya taso. Shugabannin masallatai su ma za su iya ƙulla zumunci da alƙalin sulhu ɗaya ko biyu na unguwa, su san juna tun kafin buƙata ta taso. Bayan biki da mako uku ko huɗu, ango ko amarya su koma ofishin, su biya ɗan kuɗin da ake biya, su karɓi kwafin shaidar aure mai hatimi su duba sunayensu harafi bayan harafi.