Motsi Ya Fi Laɓewa: Gargaɗi Ga Dattawan Kurugu Da 'Ya'yansu

Duk wanda ya san Kurugu da sauran garuruwan ƙasar Ƙaraye da Rogo shekara 40 da suka wuce, ya san ba a cika ganin tsoho zaune da hantsi ba. Maigida ya saɓa fartanya ya nufi gona, ko kuwa ya hau kekensa Rale ya tafi cin kasuwa. Uwargida kuwa tana tsakar gida tana surfe, ko tana jan guga a rijiya. Yau fa? Babur ya kori keke, injin niƙa ya kori turmi, 'ya'ya kuma sun tasa, sun ce, "Baba, ka huta haka nan." Sai a shimfiɗa masa tabarma a zaure, ya wuni a kai.

To, jama'a, girmama iyaye wajibi ne, amma zaunar da su ba gata ba ne. Likitoci sun tabbatar tun daga shekara 30 naman jikin mutum ya kan fara raguwa, in ya wuce 60 kuma raguwar ta ƙara sauri, zama kuwa shi ke ingiza ta. Daga nan sai gwiwa ta yi sanyi, tashi ya yi wuya, ran nan sai ka ji an ce tsoho ya faɗi a makewayi ya karye a ƙugu. Tsofaffi da yawa daga wannan kwanciya ba su sake tashi ba.

Wannan magana ba sabuwa ba ce. A cikin 1953 wani likita na Ingila, Jeremy Morris, ya bayyana abin da ya gano game da ma'aikatan manyan motocin fasinja masu bene na birnin Landan. Direbobi suna wuni zaune, kwandastoci kuwa suna wuni hawa da sauka. Da aka duba, sai aka tarar ciwon zuciya ya fi kama direbobin, alhali mota ɗaya su ke ciki.

A cikin 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara ga waɗanda suka kai shekara 65, cewa su motsa jiki minti 150 zuwa 300 kowane mako, watau aƙalla rabin sa'a, kwana biyar. Ta kuma ce kwana uku cikin mako su yi abin da zai ƙarfafa gaɓoɓi ya hana tangaɗi.

Mutumin Kurugu ba ya bukatar sayen kome domin wannan. Da damina gona ta isa. Haɗarin yana cikin rani, sa'ad da aka gama kaka aka koma hira gindin bishiya. Wanda ke da lambu a fadama, ko kusa da madatsar ruwa ta Challawa da aka gama cikin 1992, ya riƙa zuwa da ƙafa. Wanda ke da tsohon keke jingine a zaure ya kai shi wurin mai gyara. Keke ya fi gudu sauƙi ga gwiwa, domin sirdi ne ke ɗauke da nauyin mutum. Amma a hau da sanyin safiya, a kuma kauce wa titin manyan motoci.

Tsofaffi mata da marasa keke su ma ba a bar su a baya ba. A zauna kan kujera, a tashi sau 10 ba tare da dafa kome ba. A dafa bango a tsaya da ƙafa ɗaya, sa'an nan a sauya. A cika ƙaramin galan da ruwa a riƙa ɗagawa. Mutanen Indiya suna da wata daɗaɗɗiyar al'ada mai suna yoga, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa ranar 21 ga Yuni tun 2014. Asalinta yana haɗe da addininsu, amma abin da likitoci ke ɗauka daga ciki shi ne miƙa gaɓoɓi sannu a hankali da jan numfashi a natse, wannan kuwa kowa na iya yi bisa tabarmarsa.

Sai dai a yi hattara. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko ciwon zuciya, ya fara zuwa asibiti ya nemi shawara. Wanda ya ji jiri ko ciwon ƙirji ya dakata nan take. A fara da minti biyar, a riƙa ƙarawa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku kuwa samari, in tsohonku ya ce zai taka zuwa gona, kada ku tayar da babur. Ku miƙa masa sandarsa, ku raka shi.