Yaron Ya Girma: Rayuwar Manya Masu Otizim

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

 

A ranar 15 ga watan Yunin 2023, wani dattijo mai shekara 89 ya rasu a wani ƙaramin gari da ake kira Forest, a jihar Misisipi ta ƙasar Amurka. Sunansa Donald Triplett. Bai taɓa riƙe sarauta ba, bai taɓa tsayawa zaɓe ba, ma'aikacin banki ne kawai. Duk da haka manyan jaridun duniya sun ba da labarin rasuwarsa, domin shi ne ke kan gaba a jerin yaran da aka fara tantancewa da yanayin nan da likitoci ke kira otizim.

A wajenmu akan ce galahanga, sai dai kalmar ta yi faɗi, ana cusa larurori iri-iri a cikinta waɗanda ba su da alaƙa da juna. Kuma duk sanda aka ɗauko zancen, yara ake nufi: yaron da ya yi jinkirin magana, yarinyar da ba ta wasa da tsararrakinta. To amma yaro ba ya dawwama yana yaro. Zai yi gemu, za ta isa aure, iyaye za su tsufa. Ina waɗannan yara suke shiga idan sun girma? Yaya suke neman abinci, da wa suke hira, wa suke so, kuma yaya suke kallon kansu? Abin da shirinmu na yau zai duba ke nan.

(Kiɗa)

An haifi Donald a shekarar 1933. Tun yana ƙarami iyayensa suka lura ɗansu daban yake. Idan an kira shi ba ya waiwayowa. Yakan zauna ya yi ta juya murfin tukunya yana kallo, ransa fes. Yana haddace lambobi da muryoyin kiɗa cikin sauƙi, amma a tambaye shi abin da yake so, sai ya maimaita tambayar da aka yi masa. A 1937, bisa shawarar da ake bai wa iyaye a wancan zamani, aka kai shi wani gidan renon yara na hukuma aka bar shi. Bayan kusan shekara guda, hankalin iyayen ya ƙi kwanciya, suka koma suka ɗauko abinsu.

Mahaifinsa, wanda lauya ne, ya zauna ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga wani likitan ƙwaƙwalwar yara mai suna Leo Kanner a asibitin Johns Hopkins, ya zayyana halayen yaron ɗaya bayan ɗaya. A 1943 Kanner ya wallafa bincikensa a kan yara goma sha ɗaya, Donald ne na farko a cikinsu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ɗaukar hankali. Donald ya yi wasu shekaru a gidan wani manomi da matarsa. Mutanen nan sun ga yaron ba shi da aiki sai ƙirge-ƙirge, ba su hana shi ba. Sai suka ce to, tunda ƙirga kake so, ga garma, ka riƙa ƙirga kunyoyin masara kana huɗa. Abin da wasu ke gani lalura, su suka mayar da shi aikin yi. Daga baya ya shiga makaranta, ya yi digiri a harshen Faransanci, ya dawo garinsu ya kama aiki a bankin danginsa, inda ya shafe fiye da shekara sittin. Ya koyi tuƙin mota, yana buga ƙwallon golf, yana yawon ƙasashe shi kaɗai. Bai yi aure ba, kuma har ya tsufa bai zama mai doguwar hira ba. Yana da ɗabi'ar bai wa kowane mutum da ya sani lamba tasa. Mutanen gari kuwa suka karɓi lambobinsu da farin ciki. 'Yan jaridar da suka je neman labarinsa sun ba da shaidar cewa an ja musu kunne a garin, kada su kuskura su ɓata wa Donald rai.

Gaskiya ne, Donald ɗan masu hali ne, kuma dukiya ta share masa hanya. Amma kuɗi ba ya sayen abin da garin Forest ya ba shi, wato gurbi a cikin jama'a ba tare da an ce sai ya canza halitta ba.

(Kiɗa)

To mene ne otizim ɗin? Bambanci ne a yadda ƙwaƙwalwa ke girma da aiki, ana haihuwar mutum da shi, kuma da shi zai koma ga Mahaliccinsa. Yana bayyana a wajen hulɗa da mutane, da son tsari guda wanda ba ya sauyawa, da tsananin shauƙin wani abu ɗaya, da kuma yadda jiki ke karɓar ƙara, haske, wari da taɓawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin ɗari yana da shi. Bincike ya nuna gado na da babban kaso a ciki. An daɗe ana ɗora wa iyaye mata laifi cewa rashin nuna ƙauna ne ya jawo, ilimi ya rushe wannan zargi. Haka ma rahoton nan na 1998 da ya alaƙanta shi da allurar rigakafi, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma ƙwace lasisin likitan da ya jagorance shi.

Wata likitar Birtaniya, Lorna Wing, wadda ita ma take da 'ya mai otizim, ta taimaka ƙwarai wajen fahimtar da duniya cewa abin hawa-hawa ne, kuma kowa da irin nasa. Akwai wanda ba ya magana ko kaɗan, yana buƙatar mai kula da shi dare da rana har ƙarshen rayuwa, wani ma ga farfaɗiya a kai. Akwai kuma farfesa a jami'a. Dukansu mutane ne masu daraja ɗaya.

Ɗauki Temple Grandin, wadda aka haifa a 1947, ba ta fara magana ba sai da ta wuce shekara uku. Yau farfesa ce ta ilimin dabbobi a jihar Kolorado. Ta ce da hotuna take tunani, shi ya sa idan ta shiga turken shanu takan hango abin da ke firgita su wanda sauran mutane ba sa gani: inuwa a ƙasa, sarƙa tana lilo, ƙyallin ruwa. Da wannan basira ta tsara hanyoyi masu lanƙwasa da shanu ke bi cikin natsuwa, ana kuma amfani da su a manyan mayankan Amurka. Duk makiyayin da ya taɓa fama da sa a bakin mota zai gane darajar wannan aiki.

Sai dai ba kowa ne ke samun irin damarta ba. A Birtaniya, ƙasar da ta yi doka ta musamman domin manya masu otizim tun 2009, alƙaluman hukuma sun nuna kusan uku ne kawai cikin goma ke da aikin yi. Sau da yawa ba aikin ne ke gagarar su ba. Ganawar ɗaukar aiki ce, da hayaniyar ofis, da umarnin da ake bayarwa a dunƙule ana sa ran mutum ya gane sauran da kansa.

(Kiɗa)

Masu sauraro, akwai wata wahala da ba a gani da ido. Da yawa daga cikin manyan nan sun koyi ɓoye halinsu. Mutum zai haddace yadda ake gaisuwa, ya ƙirga daƙiƙun da ya kamata ya kalli idon abokin magana, ya yi dariya don ya ga ana yi, ya danne hannunsa da ke son motsi. A waje za a ce ai lafiyarsa ƙalau. Idan ya koma ɗaki sai ya zube kamar wanda ya yi dakon buhuna yini guda. Shekara da shekaru a haka kan kai mutum ga matsananciyar gajiya, da fargaba, da ciwon damuwa.

Mata sun fi ƙwarewa a wannan ɓoyo, shi ya sa ake yawan makara wajen gano su. Mawaƙiyar nan 'yar Sikotlan, Susan Boyle, wadda muryarta ta girgiza duniya a 2009, ta tashi ana gaya mata ƙwaƙwalwarta ce ta taɓu wajen haihuwa, yara suna yi mata ba'a. Sai da ta haura shekara hamsin likita ya gaya mata gaskiyar yanayinta. Ta ce ta ji sanyi a ranta. Irin wannan sauƙi da yawa suna ba da labarinsa: mutum ya yi rabin rayuwa yana zaton shi malalaci ne ko mara kirki, rana ɗaya ya gane ashe ba haka ba ne.

Mu zo kan zamantakewa. An daɗe ana cewa masu otizim ba su da tausayi, ba sa son mutane. A 2012 wani masani ɗan Ingila, Damian Milton, wanda shi kansa mai otizim ne, ya ce a sake duba maganar. A ganinsa rashin fahimtar daga ɓangare biyu take. Idan su suna shan wuya wajen karanta fuskokinmu, mu ma ba mu iya karanta nasu ba. Kamar Bahaushe ne da baƙon da ba ya jin Hausa suka haɗu a tasha, ba za a ce ɗaya ne kaɗai bai iya magana ba.

A ce mace tana auren miji mai otizim. Ranta ya ɓaci, ta yi shiru, ta ɗaure fuska, tana jira ya tambaye ta. Shi kuwa bai lura ba, ya ci abincinsa ya tashi. Ta ce ba ya ƙaunarta. Alhali shi ne wanda bai taɓa manta ranar awonta ba, wanda ya gyara mata keken ɗinki tun kafin ta roƙa. Da za ta ce masa, "Maigida, raina a ɓace yake, zo ka zauna kusa da ni," da ya zo. Habaici da zagaye-zagaye, waɗanda mu muke ɗauka ado ne a magana, su ne ke ɓatar da shi. Shi ma akwai nasa nauyin, ya koyi faɗin abin da ke damunsa kafin ya cika ya fashe. Masu otizim suna aure, suna haihuwa, suna riƙe amana, wasu kuma sun fi samun natsuwa su kaɗai da aboki ɗaya ko biyu.

(Kiɗa)

A 1993, a wani taro a birnin Toronto na Kanada, wani mai otizim mai suna Jim Sinclair ya yi wa iyaye jawabin da har yau ake tunawa. Saƙonsa shi ne kada a yi makokinsu kamar waɗanda suka mutu. Ya ce babu wani yaro na daban da ke ɓoye a ciki ana jiran a fito da shi, wanda ke gabanku shi ne ɗanku, ku san shi. Daga irin wannan tunani ne masu otizim da yawa suka daina kiran yanayinsu cuta, suna ɗaukarsa wani ɓangare na halittarsu. Wasu iyalai masu ɗawainiya da wanda ba ya iya ciyar da kansa suna ganin wannan magana ta manta da su. Kukansu gaskiya ne, kuma tambayar da ke hana su barci ita ce, wa zai riƙe shi bayan ranmu? Girmama mutum yadda yake ba ya hana a nema masa taimakon da yake buƙata.

Yanzu mu waiwayo gida. Babu al'ummar da ba ta da masu otizim, sai dai wadda ba ta ba su suna ba. Sunayen da muke ba su kuwa kun san su: miskili, dolo, mai aljanu, mara zumunci. Wataƙila shi ne telan da ɗinkinsa ba ya karkacewa amma ba ya iya ciniki. Wataƙila ita ce amaryar da ta toshe kunne ta fashe da kuka ranar biki, aka ce iska ce, alhali ƙarar lasifika ce ta fi ƙarfinta. Ba mu ce duk mai shiru-shiru yana da otizim ba, wannan aikin ƙwararrun likitoci ne. Amma muna da abin da kuɗi ba ya saye: gidan yawa, dangi, sana'ar da ake koya a hannu, unguwar da kowa ya san kowa. Najeriya kuma tana da dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sanya wa hannu a watan Janairun 2019. Idan muka juya waɗannan zuwa kariya, maimakon tsangwama da kulle mutum a ɗaki, mun yi rabin aikin.

Manomin nan na Misisipi bai karanta likitanci ba. Ya dai kalli yaro mai son ƙirga, ya miƙa masa garma. A gidanku ko a layinku, wataƙila akwai wanda ya shekara talatin yana jiran a yi masa irin wannan kallo. A faɗa masa magana a fili, a rage masa hayaniya, a bar shi ya tashi daga taro idan ya gaji, a kuma tambaye shi abin da ya iya.

Nan muka kawo ƙarshen shirinmu na yau. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin juna. 

(Kiɗan rufe shiri)