Ƙuncin tsufa a baƙunta

Ƙuncin tsufa a baƙunta hali ne na saurin fushi da yawan mita da kan kama wasu dattawan da suka daɗe a ƙasar waje, kamar Hausawan zangon Kumasi da mazauna Makka da Jidda.

Babban dalilinsa rashin tabbacin zama. A 1969 gwamnatin Busia ta kori baƙi marasa takarda daga Ghana. A Saudiyya kuwa haihuwa kaɗai ba ta mai da ɗan baƙo ɗan ƙasa. Akwai kuma mutuwar tsararraki da raguwar ƙarfin nema. Wanda ya bar Kurfi ko Dutsin-Ma da ƙuruciya yakan ji kunyar komawa hannu rabbana, sai ya zauna yana huce haushi kan iyalinsa.