Malaman da Suka Shigar da Hausa Zauren Jami'a

Duk wanda ya bi ta Nasarawa a Kano ya san Gidan Ɗan Hausa, inda Hanns Vischer ya buɗe makarantar boko a 1909, ya kuma tsara ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen boko a 1912. Sai dai Bature ya yi haka ne don sauƙin mulki. Waɗanda suka mai da Hausa ilimin da ake yi wa digiri wasu ne daban: malaman wata 'yar kwaleji da ba ta da injiniya ko likita ko ɗaya.

Kwalejin ta fara a 1960 cikin Makarantar Nazarin Larabci, da sunan Ahmadu Bello. Da aka kafa jami'ar Zariya a 1962 aka ba ta sunan Sardauna, ita kuwa ta Kano ta koma Kwalejin Abdullahi Bayero, reshen Zariya mai koyar da Larabci, addinin Musulunci, tarihi da harsuna. Ta ɗan raɓa a tsohon otel na filin jirgin sama kafin ta tare a bayan ganuwa, wajen Kabuga. Cikin shugabanninta na farko akwai Abdullahi Ɗayyib, mashahurin masanin adabin Larabci daga Sudan, daga baya kuma Shehu Galadanci. A 1977 ta zama Jami'ar Bayero.

Aikin da ya fi nauyi an yi shi ne a Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya. Can Paul Newman da Roxana Ma Newman, tare da malaman gida, suka fitar da ƙamus na Hausa zuwa Turanci a 1977, ƙarami, wanda ɗalibi zai iya cusawa a aljihun riga, ba kamar tubalin ƙamusun Bargery na 1934 ba. M.K.M. Galadanci ya riga ya buga littafinsa na nahawun Hausa a 1976. Ibrahim Yaro Yahaya kuwa ya bi tatsuniyoyin da ake yi wa yara da dare ya rubuce su, har suka shiga ajin firamare, sannan a 1988 ya fito da Hausa a Rubuce, wanda har yau mai nazarin tarihin rubutunmu ba ya tsallake shi. Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa hanyar feɗe rubutacciyar waƙa, Sa'idu Muhammad Gusau ya yi wa waƙar baka irin wannan hidima. A tarihi, John Lavers ya shafe shekaru yana tono labarin Borno da Kano har rasuwarsa a 1993.

A ganina kambun duka shi ne Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, inda aka bayyana Hausa da Hausa, ba tare da aron bakin wani ba. Shekara da shekaru aka yi ana tattara kalmomi ana gardama a kansu, kuma irin wannan wahala ba ta da kintinkirin da gwamna zai zo ya yanka.

Abin da ke damuna shi ne ma'aunin ƙarin girma a jami'o'inmu yanzu. Malami ya fi saurin zama farfesa da maƙalun Turanci a mujallun ƙetare fiye da zaman shekara goma kan ƙamus, alhali kalmomin waya da intanet da finafinan Kannywood suna ta shigowa bakin yara, suna jiran mai tattara su.