Tsayin Ruwa da Yawansa: Ƙiyasin Kwararar Kogi a Kudancin Kaduna

Idan Bahaushe ya ce "kogi ya kawo", bai rarrabe tsayin ruwa da yawan wanda ke wucewa ba. Masana ruwa kuwa tilas su rarrabe, musamman a Kogin Gurara, wanda madatsarsa ke shayar da Abuja. Sandar awo tsayi kaɗai take nunawa. Saboda haka akan auna kwararar a lokuta mabambanta, a gwama da tsayin, lissafi ya fitar da ƙa'idar ƙiyasi. Inda ƙasan kogi dutse ne, kamar a Matsirga kusa da Kafanchan, ƙa'idar takan daɗe. Inda rairayi ne kuwa, ambaliya ɗaya ta Agusta takan rushe ta, sai an sake awo.